Bulalar da Na Aika ta Waya

A littattafan nahawun Larabci da muka karanta muna yara, misalin farko da ake ba ɗalibi na cikakkiyar jimla shi ne wani ya doki wani. Ga mai aiki, ga aiki, ga wanda aikin ya faɗa wa. Ban taɓa jin malamin da ya tsaya ya tambayi laifin wanda aka doka ba. Ni ma ban tambaya ba. Na ɗauki jimlar yadda aka ba ni, na tafi da ita makarantar horon malamai ta kwana inda na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa, kuma zan iya cewa ban bar ta ta yi tsatsa ba.

Tsumagiyata ta tsamiya ce, a jiƙe take kwana don kada ta karye. Shida nake yi, a tafin hannu, kuma abin da nake alfahari da shi a lokacin shi ne ban taɓa dukan yaro cikin fushi ba. Cikin natsuwa nake yi, kamar mai auna hatsi. Ɗabi'ata ta biyu da ɗalibai suka sani ita ce ba na karanta takardar da ba a ja mata layi a gefe ba, ko wadda ba a rubuta kwanan wata a samanta ba. Ko hikimar duniya ce a ciki, zan mayar wa mai ita ban duba ba, ya je ya sake. Ina ce musu wanda bai iya wanke kwano ba, ba a ɗanɗana miyarsa. A cikin ɗabi'un nan biyu, kowa zai zaci ta farkon ce mai haɗari. Ta biyun ce ta kusa sa a kashe mutum a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa, bayan na yi ritaya, ina zaune a zaurena a Kazaure ban ɗaga wa kowa hannu ba.

Yadda abin ya faro, wata matashiya ce jami'ar wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi ta zo gidana. Suna son a tsara wa malaman firamare na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa kwas na koyar da yara karatu, amma ta wayar salula, ba sai an tara su a ɗaki ɗaya ana rabon shinkafa ba. An ce mata rabin malaman yankin ta hannuna suka bi, in suka ji muryata za su nutsu. Ban gaya mata dalilin da ya sa suke nutsuwa in sun ji muryata ba.

Kwana uku ta yi tana koya min sana'ar da na zaci na gama sani. Kuma gaskiya ta koya min. Darasin waya ba ya wuce minti biyar, don mai sauraro yana kan babur ne ko yana gona, datarsa kuma ba ta gado ba ce. Kowane mako manufa ɗaya tak. Kowane darasi ya ƙare da aikin da mutum zai yi da hannunsa a ajinsa. Wanda ya turo aiki a ba shi amsa kafin kwana ɗaya, in ba haka ba zuciyarsa ta mutu ya sulale, kai kuwa ba ka ganin kujerar da ya bari. Sannan a turo ayyukan a zaure ɗaya na waya, guruf kamar yadda suke cewa, don kowa ya koya daga ɗan'uwansa. Na rubuta duk wannan a littafi, na ja layi a gefe.

Malamai sittin aka ba ni. Na tsara mako takwas. A cikin tsohuwar motata nake naɗar murya, na ɗage gilasai, don zakaran maƙwabcina yana da ra'ayi a kan kowane batu. Aji ne mai ban mamaki. Ba mai tari, ba mai neman izinin fita, ba ka kuma san wanda ke barci ba. Ka yi tambaya ta tafi kamar ka jefa guga a rijiyar da ba ka ga ruwanta ba, sai bayan la'asar ka ji nauyi, lokacin da mutanen ƙauye suka hau kan duwatsu neman sabis.

Darasin mako na shida sunansa riƙe aji ba tare da bulala ba. Ni na rubuta shi, kuma da zuciya ɗaya. Na yi karatu a kan batun bayan na bar aiki, na kuma ga jikokina, ra'ayina ya sauya, ko da yake mutum ya fi saurin tuba daga abin da kafaɗarsa ta daina iyawa. Na ajiye shi can mako na shida saboda ina ganin sai an gina yarda kafin a taɓa wa mutum abin da ya saba. Yanzu in na tsara wa wasu kwas, shi nake sawa a ranar farko, kafin ma gaisuwa ta huce.

Aikin mako na biyu shi ne kowa ya ɗauki bidiyon kansa yana koyarwa, don in san inda suke kafin in ce ga inda za su. Sharaɗi uku na gindaya: a ga fuska, a ji murya, kada ya wuce minti uku. Sai na ƙara wata jimla don ƙawata magana. Na ce su nuna min yadda suke riƙe aji, kamar ina zaune a bayan ajin da jan birona. Haka nake zama a da idan na je duba su a lokacin gwajin koyarwa. Na faɗe ta ne da raha. Na manta cewa raha ta mai bulala daban take isa kunnen wanda ya sha ta.

A cikin sittin ɗin akwai wani malami daga wani ƙauye na Gwiwa, can cikin duwatsu. Ya haura arba'in, yana da iyali. Kullum da safe shi ke fara gaisuwa a guruf, cikakkiya, har da tambayar gajiya da iyali, sai ka ce ya cire takalmi kafin ya danna wayar. Tun ranar farko ya tuna min cewa ɗalibina ne, na taɓa yi masa sha biyu a kan bokitin makaranta da ya faɗa rijiya. Da godiya ya faɗa, ya ce su suka sa ya zama mutum. Ni ban tuna shi ba, ban tuna bokitin ba.

Ranar Litinin bidiyonsa ya shigo tare da wasu ashirin. Na yi musu abin da na saba yi wa takardu, na fara tace su ta siffa. Nasa na buɗe na ga duhu, inuwar mutum a gaban allo, na rufe kafin a ƙirga goma. Na rubuta masa cewa duhu ya yi yawa, a sake ɗauka. Na ji daɗin kaina, don ban bar shi ya kwana ba amsa ba.

Ranar Talata ya turo wani. Ya ɓalle kwanon rufin da aka toshe taga da shi, haske ya wadata. Amma a ƙasan hoton na ga minti biyar da wani abu. Ban ma buɗe ba. Na rubuta cewa ya wuce minti uku, a sake ɗauka.

Ranar Laraba na uku ya zo. Minti uku saura kaɗan, a waje aka ɗauka, ƙarƙashin bishiya, komai tas. Na gyara tabarau na kalla.

Yara suna zaune a ƙasa a jere. Ya rubuta gaɓoɓi a allon da aka jingina da bishiyar, ya karanta sun maimaita. Sai wata yarinya ta shigo daga gefen hoton, ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, siririya, hijabin ya fi ta girma, littattafanta a cikin ɗan buhu. Ta tsaya. Bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ce komai ba, ta ajiye buhun ta miƙo hannun dama kamar wadda ta san tsarin darasin. Hannun a kumbure yake tun kafin a taɓa shi. Ya ɗauko tsumagiya, ya gyara tsayuwa, ƙafar hagu gaba, ya ɗan taɓa tafin da bakin tsumagiyar don auna nisa. Tsayuwata ce. Ko a madubi ban taɓa ganin kaina sosai haka ba.

A ta farko ta runtse ido. A ta biyu ta janye hannun ta matse shi a hammata, ya jira, ta dawo da shi. A ta huɗu hannun ya karkace, tsumagiyar ta sauka a kan yatsu, ƙarar ta sauya, ta zama irin ta karan dawa in an taka shi. Yarinyar ta durƙusa, bakinta a buɗe amma sauti bai fito ba. Ya kamo wuyan hannun ya ɗaga, ya cika biyun da suka rage, don shida ake yi. Sannan ya juyo ya dubi wayar, ya ɗan rusuna.

Na koma na buɗe na Litinin da na Talata, na kalle su har ƙarshe. Yarinyar ce dai, hannun ne dai, shida shida. Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda ya rage darasin don ya shiga minti uku. Ya cire waƙar haruffa, ya cire karatun ɗaiɗaiku, ya cire tambayoyin ƙarshe. Dukan ya bari, a matsayin abin da ba a taɓawa.

Na goge bidiyoyin daga guruf, amma mutum arba'in sun riga sun gani. Wasu har sun yaba. Wani daga Babura ya rubuta cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma yabona yake yi. Na kira malamin, waya a kashe. Na ce wa kaina gobe na kira shi in yi masa faɗa.

Washegari da hantsi lambarsa ta kira ni, amma muryar wani dattijo ce. Dagacin ƙauyen ne. Bai tsawaita gaisuwa ba. Ya ce yarinyar 'yar wani makiyayi ce, ita kaɗai ce daga rugarsu take zuwa makaranta. Malamin nan da kansa ya yi ta sintiri rugar har uban ya ba da ita, bisa alkawarin cewa ba za a taɓa ta a kan makara ba, don sai ta taya uwarta tatsa sannan ta tako tafiya mai nisa. Shekara biyu kullum a makare take zuwa, bai taɓa ko harararta ba. Kwana biyun farko ta ɓoye hannun. Jiya aka ga ba ta iya kama nonon saniya, aka duba, yatsu biyu sun karye. Bidiyoyin kuma sun riga sun isa rugar ta wayar wani ɗan'uwansu. Yau da safe baffanninta suka zo makaranta da sanduna, suka fasa wa malamin kai a gaban yara, ya sha da ƙyar ya faɗa gidan dagaci, an sa sakata. Suna ƙofar gida suna cewa a fito musu da shi. Samarin gari kuma sun fara taruwa da nasu makaman, ga shi kaka ce, dama kowa a wuya yake tsakanin mai gona da mai shanu. An tambayi malamin dalili ya ƙi cewa komai sai dai aikin Malam ne.

“In kai ne Malam ɗin,” in ji dagaci, “ka zo kafin azahar. Ƙofata ta katako ce.”

Na ɗauki ɗan acaɓa tun daga Kazaure. Hanya ta bi tsakanin duwatsu, gonaki an yanke dawa an tara, shanu kuma suna tsaye a bakin gonakin suna jiran a kwashe a ba su kara. A ƙofar makarantar na ga allon da na gani a bidiyo an raba shi biyu, ga jini a kan dakali ƙudaje sun same shi, ga takalmi ƙafa ɗaya.

Ƙofar gidan dagaci ta kasu biyu kamar filin muhawara. A dama makiyaya wajen goma, kowa ya dogara da sandarsa, ba mai magana. A hagu samarin gari da gatura da lauje, su ne masu surutu. Wani a cikinsu yana ta cewa yau sai an ga hayaƙi a ruga. Wani makiyayi matashi, idonsa jawur, ya buga sandarsa a ƙofa sau ɗaya lokacin da nake shiga, katakon ya amsa har cikin haƙorana.

Malamin yana wani ɗaki na ciki. An ɗaure masa kai da tsumman rawani, jini ya bushe a kunnensa da wuyan rigarsa, idon hagu ya rufe. Da ya gan ni sai ya yunƙura zai durƙusa. Na ce ya zauna, na tambaye shi me ya kai shi.

“Allah ya gafarta Malam, kun ce kamar kuna zaune a bayan aji. Na ji tsoron ku ga yarinya ta shigo a makare na ƙyale, ku ce ajina ba tarbiyya.”

Na ce to na farko ke nan, sauran biyun fa? Ya ce ai kowace ranar da gaske ta makara, bai shirya ƙarya ya turo min ba. Kuma da na ce a sake, ya ɗauka na ga komai, abin da na ambata kaɗai ne gyaran. Haka na koya musu, in malami ya ja layi a ƙarƙashin kuskure ɗaya, sauran daidai ne. Amsa ce mai cikakken maki.

Aka zauna a zaure. Dagaci a kan buzu, limamin gari a gefensa, ni a gefe. Uban yarinyar ya shigo da ita. Dogo ne, ramamme, mai sanyin murya, irin mutanen da in suna magana sai ka matso. Yarinyar ta zauna a bayansa, an ɗaure hannun tsakanin karare biyu, aikin mai ɗori. Baffanninta biyu suka tsaya a bakin ƙofa, har da mai jan idon nan.

Dagaci ya ce in yi bayani. Na yi, da tsari, kamar mai gabatar da darasi: kwas, mako takwas, sharaɗi uku. Uban ya saurara har na gama, sannan ya ce a karanta masa abin da na rubuta wa malamin. Na karanta saƙon Litinin, na karanta na Talata. Sai ya tambaye ni.

“Baba, ka ga ana dukanta ka ce a ƙara?”

“Ban gani ba.”

“To me ka duba?”

“Haske,” na ce. “Da tsawon lokaci.”

Ya dube ni kamar yadda zai dubi wanda ya zo sayen saniya ya tsaya yana yaba igiya.

Dagaci ya kawo maganar magani da ban haƙuri, uban ya kawar da ita da bayan hannu. Ya ce shi bai zo ciniki ba. An yi masa alkawari an karya, an karya hannun 'yarsa, an kuma nuna wa duniya a waya. Goma sha takwas aka yi mata, ya ƙirga da idonsa. Goma sha takwas yake so, a hannun da ya yi dukan, shi ke nan ya tafi da mutanensa. Mai jan idon ya ɗaga sandarsa ya ce da wannan za a yi. Sandar kiwo ce mai gaɓa, kaurinta ya kai wuyan hannuna. Bugu uku da ita sun isa su mai da tafin mutum garin ƙashi, mutumin nan kuwa da alli yake ci da iyalinsa.

Na ce shidan farko nasa ne, amma sha biyun nawa ne, ni na aika a yi su. Na miƙa hannu. Ba jarunta ba ce, wani sashe na zuciyata ya san ba za a karɓa ba. Uban ko kallon hannun bai yi ba. Ya ce bai taɓa dukan sa'an ubansa ba, in ya fara yau, ba rijiyar da zai sha ruwa a ƙasar nan. Mai jan idon ya ce an cika su da surutun 'yan boko, a fito da mutumin ko su shiga. A waje wani dutse ya sauka a kan kwanon rufi, hayaniya ta tashi, na ji ƙarar itace a kan itace, wani ya yi ihu. Liman ya fita da sauri yana salati.

Dagaci tsoho ne da ya ga kaka da yawa. Ya bari hayaniyar ta ɗan lafa, sannan ya yi magana a hankali. Ya ce in makiyayi ya doki malamin gwamnati a ƙofar gidansa, kafin magariba 'yan sanda sun zo, kafin su zo kuma samarin can sun kai ruga. In kuma ba a yi komai ba, mutanen nan ba za su tafi ba, kuma suna da gaskiya. Amma akwai dukan da ba a kai ƙara a kansa, ba a ramawa, ba ya zama gori ga 'ya'yan wanda aka yi wa. Shi ne malami ya hori ɗalibinsa. Ya juyo ya dube ni.

“Kai ka koya masa. Ka ce kuma rabonka ya fi yawa a ciki. To ɗauki rabonka ta wannan hanyar.”

Uban ya yi tunani, ya ce ya yarda da sharaɗi biyu: shi zai zaɓo tsumagiya, shi zai ƙirga. Na so in ce na tuba daga wannan aikin, ina da darasi guda a kansa da ban riga na tura ba. Na dubi sandar mai jan ido na haɗiye.

A ƙofar gida aka yi, a gaban ɓangarorin biyu. Uban ya sari reshen tsamiya da wuƙarsa, ya fere, ya gwada a iska, ya miƙo min da hannu biyu. Ya iya zaɓe. Aka fito da malamin, da ya ji hukuncin sai na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar an sauke masa kaya. Ya durƙusa a gabana ya miƙo hannun dama. Mutum mai furfura a gemu, yaran ajinsa suna leƙe ta kan katanga.

Wanda ya daɗe a sana'a ya san yadda ake sa tsumagiya ta yi ƙara ba ta shiga nama ba. Haka na yi ta farko. Uban ya girgiza kai, ya ce wannan ba ta cikin lissafi, shi ma da sanda ya girma. Mai jan idon ya matso taku ɗaya.

Daga nan na yi na gaske. Abu ɗaya ya rage a hannuna, shi ne inda za ta sauka. Na kama wuyan hannunsa da hagu don kada ya karkace, na riƙa saukar da ita a gindin tafi, wajen tsoka, nesa da yatsu. Uban yana ƙirgawa da Fillanci, ƙasa ƙasa. A ta biyar tafin ya yi ja kamar gauta. A ta takwas ya kumbura, layi a kan layi, malamin ya cije leɓe har ya fashe. A ta sha ɗaya fata ta tsage, jini ya fantsamo min a hannun riga. Kafaɗata ta fara ciwo, amma hannun bai manta komai ba, yana tafiya da kansa, da tazarar da ya saba bari tsakanin ɗaya da ɗaya don zafin ya isa. Wannan tazarar ni na ƙirƙiro ta, a da ina ganin gwaninta ce. A ta sha biyar ya saki wani sauti irin na rago in an danne shi, ya kife, goshinsa a kan takalmina, amma bai janye hannun ba. Na cika ukun a kan nama a buɗe.

Uban ya ce ya isa. Ya karɓi tsumagiyar daga hannuna, ya karya ta a gwiwa ya jefar. Ya ce wa dagaci magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita daga wajensu. Sannan ya ce yarinyar ta gama boko. Suka juya suka bi hanyar ruga a jere, yarinyar a tsakiya, ta rungume hannun a ƙirji. Mai jan idon ne na ƙarshe, ya tofar da yawu kusa da ƙafata ya bi su.

Dagaci ya ce in fitar da mutumina yanzu, kafin wani ya sake tunani. Mu uku muka hau babur, malamin a tsakiya don ba ya iya riƙo, ni a baya na tallafe shi. Duk ramin da muka faɗa sai na ji numfashinsa ya tsaya. Haka muka isa Roni.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ɗinke kan, ta wanke tafin, ta tambayi wanda ya yi masa wannan rashin imanin. Ya ce faɗuwa ya yi. Ta dube shi, ta dubi hannun rigata, ta ci gaba da aikinta. Da ta gama ta ce ya gwada lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a kansa ina kallo. Babban ya motsa, manuni ya bi, na tsakiya ya yi gardama sannan ya bi, har ƙaramin. Ta ce ba karaya, mako uku zai riƙe alli.

Ya ce yana jin ƙishirwa. Hannun dama a naɗe, na hagu kuma ashe sandar safe ta same shi a gwiwa, ba ya ɗaguwa, bai gaya wa kowa ba. Na ɗebo ruwa a kofi na kai masa baki. Ya kawar da kai, ya ce Allah ya kiyaye, a kira ɗan acaɓan ya ba shi. Na ce ɗan acaɓa ya tafi salla. Ya yi ta kallon ƙasa. Na ce umarni ne. Sai ya ɗan juya gefe, yadda ba zai fuskance ni ba, na bi shi da kofin, ya sha.